Tikitin da Kyaftin Ya Ɗinka wa Kansa

Kyaftin bai taɓa tuƙa jirgi ba. Kai, bar ta tuƙi, har furfura ta cika masa kai ƙafarsa ba ta taɓa taka matakalar jirgi ba. Mai askin da ke jikin shagonsa ne ya laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa da ya ji ya zauna masa a kunne sai ya karɓe abinsa, har ya sayo wata hula mai baki yana kifawa duk ranar da zai raka fasinja.

Shagonsa na tsakanin na mai aski da na mai gyaran waya. Ɗan tsukukun ɗaki ne, tebur ɗaya da kujerun roba biyu, ɗayar an ɗaure mata ƙafa da igiya. A bango akwai taswirar duniya da rana ta gama cinyewa, har teku da tudu sun koma launi ɗaya, ga wani ɗan jirgin roba mai karyayyen fiffike yana lilo a ƙasan fanka. Kwamfutarsa kuwa in ya kunna ta, sai ya share shago ya goge takalmi kafin ta farka. A nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sayar wa mutane tikitin ƙasashen waje.

Ba shi da fara'a ko ta sisin kwabo. In ka shiga ka ce tikiti kake so, ba zai ɗago kai ba. "Ina za ka? Me za ka je yi? Wa ka sani a can?" Sai ka rantse shi ne mai ba da biza. In ka kuskura ka yi masa gardama sai ya zare tabarau ya ce, "Ka taɓa shiga jirgi?" Ka ce a'a. "To rufe mini baki." Duk layin babu wanda ya taɓa samun ƙarfin halin mayar masa da tambayar, sai mai aski, shi ma ta bayan bango yake yi.

Amma a faɗi gaskiya, yana da wata dabara da ta daɗe tana ciyar da shi. Shi yake kiranta ɗinki. Maimakon tikiti ɗaya da zai ɗauke ka daga nan har inda za ka, sai ya yanko maka guda a wannan kamfani zuwa wata ƙasa da ke tsakiya, ya yanko wani a wani kamfanin daga can zuwa inda ka nufa, ya haɗe su ya miƙo maka. Ya fi araha nesa ba kusa ba. Illarsa ɗaya ce, kamfanonin biyu ba su san da zaman juna ba. A ƙa'ida in ka sauka ƙasar tsakiya sai ka fita ka ɗauki akwatinka ka sake shigowa kamar sabon fasinja, fita kuwa sai da bizar ƙasar. To a nan Dogo yake da rana. Dogo ma'aikacin kanta ne a filin jirgi, abokin Kyaftin tun suna samari. Kyaftin zai rako fasinja, ya tsallake layi kamar gidan ubansa, ya jingina da kantar Dogo, a gaisa, a tambayi iyali. Dogo ya leƙa tikiti na biyu, ya yi 'yan danne-dannensa, ya manna wa akwati takardar da za ta kai shi har ƙarshen tafiya. Fasinja ya wuce sumul, ba biza ba tambaya, yana sa wa Kyaftin albarka.

Sai waya ta zo ta ɓata masa kasuwa. Mutane suka gane suna kwance a gado za su sayi tikiti, ba mai tambayarsu wa suka sani a can. Abin takaicin ma, mai gyaran wayar da ke jikinsa ne yake koya musu, kyauta. Kujerun roba suka yi ƙura. Kyaftin ya daina zuwa filin jirgi don babu wanda zai raka. Labari kawai yake ji cewa an kakkafa wasu injina, mutum ya sa fasfonsa da kansa, ya zaɓi kujera da kansa, ya manna wa akwatinsa takarda da kansa.

"Da kansa?" in ji shi. "To ya tuƙa jirgin ma da kansa mana! Inji ya san gaisuwa? Inji ya san ɗan mutunci? Ku bar su, ranar da ya haɗiye wa wani fasfo za su zo nan suna kuka, ni kuma ranar ba na nan."

Babu wanda ya zo.

Duk da haka ba waya ce babbar abokiyar gabarsa ba, yayarsa ce. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma in suka haɗu a ɗaki sai ka nemi ƙofa. Labule take sayarwa a bakin kasuwa, kowa Gwaggo yake ce mata, gajeriya ce mai murya kamar lasifika. Asalin rigimar kuwa yarinya ce. Lokacin da matar Kyaftin ta rasu ta bar 'yarsu tana tatata, Gwaggo ta zo ta ɗauke ta ta goya, ta fice ba ta ko nemi izini ba. A hannunta yarinyar ta girma. Shi kuma Kyaftin shi ya ɗauki nauyin makaranta tun daga aji ɗaya har ta samu gurbin karatun jinya a ƙasar waje. Tun daga nan kowa ke cewa tasa ce.

"Ni na wanke kashinta da fitsarinta," in ji Gwaggo. "Kai kana ina? Kana gadin jirgin roba."

"Wanki ne ya kai ta jami'a, Yaya? Da wanki na kai mutum jami'a ai da kin zama farfesa."

"Ɗan nan, ni kake faɗa wa haka? Ni da na goya ka kai ma, kana zuba mini majina a wuya?"

Haka suke, shekara da shekaru. Yarinyar kuwa, wadda shi yake kira Uwata, ta gaji da raba su har ta koyi kiran kowa a lokaci daban.

Rannan ta bugo ta ce ta gama karatu, za a yi taron yaye su, kowane ɗalibi an ba shi kujera biyu a zauren. Ɗaya ta Baba, ɗaya ta Gwaggo. Kyaftin ya ajiye wayar ya daɗe yana kallon taswirarsa. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: ranar da za a kira sunan 'yarsa a gaban jama'a, a ce yana zaune a wurin, ta ɗago ido ta gan shi. In ba haka ba Gwaggo za ta cinye ranar ita kaɗai, ta dawo tana ba da labari har ƙarshen rayuwarta.

Biza ta yi musu jinkiri, ba ta fito ba sai da taro ya matso gab, saura jirage na ƙarshe da za su iya kai mutum a kan lokaci. Kyaftin ya goge kujerar roba mai lafiyar ya zauna jiran yayarsa, don ko ba komai tikiti dai dole ta zo wurinsa. Ta zo kuwa. Ta wuce ƙofarsa ko kallo babu, ta shige shagon mai gyaran waya, ta zauna ta ɗaga murya yadda bango ba zai tare komai ba.

"Ɗana, koya mini yadda ake sayen tikiti a wayar nan. Guda ɗaya nake so, lafiyayye, daga nan har can. Ba na son mai faci irin na maƙwabta."

Mai aski ya kashe injin askinsa don kada wata kalma ta wuce shi. Kyaftin na ji ana cewa danna nan, sa katinki nan, har wayar ta yi ɗan ƙara alamar an gama. Ya tashi ya rufe ƙofarsa da ƙarfi har jirgin roba ya faɗo.

Ranar ya zauna ya yi ɗinkin da bai taɓa yin irinsa ba. Ya yanko nan ya yanko can, ya samo jirgin da zai tashi rana ɗaya da nata, ya yada zango a wata ƙasa, ya canja kamfani, ya riga ta isa. Wannan rigayen shi ne ya fi yi masa daɗi. Ya riga ya hango kansa tsaye da Uwata a bakin ƙofar fitowa, Gwaggo ta fito tana jan akwati, ya ce mata, "Sannu da zuwa, Yaya, hanya ta yi miki nisa ko?" Ya buga wa Dogo waya don ya sanar da shi, lambar ba ta shiga. Ya ce ba komai, Dogo ai kamar ginshiƙin filin jirgi yake, ina za shi?

Ranar tafiya layin ya fito kallo. Kyaftin ya sha guga, ya kifa hular nan mai baki. Tasi ɗaya suka shiga don kowa ya ƙi yarda ɗaya ya riga shi, shi a gaba ita a baya, ba mai ce wa wani uffan sai ta bakin direba.

"Direba, gaya wa na gaba ya ɗaga gilashi, iska na ɓata mini ɗauri."

"Direba, gaya wa ta baya motar ba ta ubanta ba ce."

"Ubana ai ubanka ne, sakarai."

Mai aski ya ɗaga musu hannu yana ihu, "Kyaftin, in direban jirgi ya gaji ka karɓe shi!"

Da suka shiga babban zauren filin jirgin, Kyaftin ya nufi hannun dama kai tsaye, inda ƙafarsa ta saba. Ya ja ya tsaya. Babu kanta. Inda dogayen kantocin nan suke a da, yanzu wasu injina ne a jere kamar sojoji, kowanne da allonsa yana haske, mutane na tsaye gabansu suna dangwala yatsa. Can gefe ga bel ɗin kaya yana tafiya shi kaɗai, kowa na ɗora akwatinsa ba mai karɓa. Ya tari wani mai tura keken kaya.

"Kai, ina Dogo?"

"Wane Dogo?"

"Dogon kanta mana! Akwai wanda bai san Dogo ba a nan?"

"Oho, dattijon nan. Ai ya daɗe da yin ritaya, Baba. Tun kafin a cire kantocin."

Kyaftin ya dake, don Gwaggo na kallonsa. Ita kuwa ta riga ta isa gaban wani inji, ta sa tabarau, ta zura fasfonta, ta dangwala da ɗan yatsa ɗaya tana karantawa a fili kamar mai ba yara darasi. Injin ya yi ƙugi ya tofo mata takardar shiga jirgi, ya ƙara tofo doguwar takardar manne. Ta naɗa wa akwatinta a hannu, ta ɗora a bel, akwati ya tafi abinsa. Ta juyo ta naɗe hannuwa.

"To, Kyaftin na ƙasa, bismillah. Mu ga aikin masana."

Ya matsa gaban injin kamar mai tunkarar kare. Ya sa fasfo a kife, injin ya ƙi. Ya juya, ya karɓa, ya nuno sunansa. Har ya fara gyara hula. Sai allo ya kawo wata tambaya: ya nuna bizar ƙasar da za shi. Ya buɗe shafin bizar ƙasar Uwata ya manna. Allon ya yi ja. Ya sake. Ja. Ya buga wa injin tafin hannu a gefe yadda yake yi wa kwamfutarsa, wata ma'aikaciya mai rataye da kati a wuya ta taho da sauri.

"Baba, a yi haƙuri, ba a dukansa. Mu gani." Ta duba takardunsa biyu, ta dubi allo. "Tikitinka na wurinmu a ƙasar tsakiya ya tsaya. Mu a wurinmu can za ka, don haka bizar can yake nema. Kana da ita?"

"Wace biza? Wucewa zan yi! Ga tikiti na biyu a hannunki, ko ba ki iya karatu ba?"

"Na gani, amma na wani kamfani ne, ba mu da haɗi da su. Akwatinka can za a sauke, sai ka fita ka ɗauka, ba kuwa za su bar ka ka fita ba."

"To ki manna masa takarda har ƙarshe mana! Haka Dogo yake yi. Tun ba a haife ki ba ake yin haka a wurin nan!"

"Baba, ni ba ni da abin da zan danna. Ko shugabanmu ya zo, in injin bai ga biza ba takarda ba za ta fito ba." Ta ɗan sassauta murya. "Waye ya haɗa maka tikitin nan? Gaskiya ya cuce ka."

Gwaggo ta saki wata dariya da ta sa mutanen layi uku suka juyo. "Faɗa mata mana! Faɗa mata waye!"

Ma'aikaciyar ta gane ta taka wuta, sai ta yi saurin kawo mafita. Ta ce jirgin da Hajiya za ta shiga da alama akwai sauran kujera, kuma har can yake kai mutum da tikiti ɗaya. In aka saya yanzu-yanzu zai samu, amma a hanzarta don an kusa rufe sayarwa. Kyaftin ya ce a nuna masa ofishin tikiti. Ta ce babu ofishi, a waya ake saya, da kati. Ya shafa aljihu. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai maɓallai, kati kuwa ya sha rantsuwa ba zai taɓa sa shi a waya ba.

Gwaggo ta zaro tata daga jaka a hankali, ta goge fuskarta da gefen mayafi.

"Ga waya, ga kati. Abu ɗaya nake so. Ka ce, Yaya, ke kika raini yarinyar nan, 'yarki ce. Ka faɗa a gaban baiwar Allahn nan, in saya maka."

"Allah ya kiyaye."

"To Allah ya kiyaye hanya. Zan gaishe ta."

"Ke wace irin muguwa ce? A nan ma sai kin ci mini fuska?"

"Kai ka ci wa kanka. Mutum nawa ka tsare a shago kana tambayarsu ko sun taɓa shiga jirgi? Yau ga jirgi ga ka."

Ya fizgi akwatinsa ya ce shi zai nemo manaja, shi ba yaro ba ne, akwai waɗanda suka san shi a gidan nan. Ya bi wani lungu da a da ofisoshi ne, ya tarar an mai da shi wurin sayar da turare. Ya hau bene ya sauko. Ya tari mai gadi, mai gadi ya nuna masa inji. Ya tari wani mai kwat, ashe fasinja ne. Duk fuskar da ya kalla baƙuwa ce. A gaban wata babbar taga ya tsaya yana haki, ga jirage a jere a waje, manya fiye da yadda yake ba mutane labari. Sai ya tuna kujera biyun nan a zaure, ɗaya da Gwaggo a kai ta baje, ɗaya babu kowa, Uwata na waige.

Ya dawo yana jan akwatin, tayarsa ɗaya ta karye. Gwaggo na nan inda ya bar ta, ba ta wuce ba. Ya tsaya gabanta, ya cire hular, ya dubi takalminsa.

"Ke kika raine ta."

"Ban ji ba. Ka san kunnen tsufa."

"Na ce ke kika raine ta, Yaya!"

"Saura rabin."

Haƙoransa suka yi ƙara. "'Yarki ce. Sayi tikitin."

Ta gyara tabarau, ba ta gaggawa, ta buɗe waya, ta yi kuskure ta koma baya, ta tambaye shi ranar haihuwarsa alhali ta fi kowa sani. Ta danna wurin biya. Wayar ta yi ta juya wani ɗan zobe, sannan ta kawo rubutu. Gwaggo ta miƙa wa ma'aikaciyar.

"Ayya," in ji ta. "An rufe. Yanzun nan aka rufe."

Gwaggo ta karɓe wayarta. Ta sake dannawa, ta sake. Ta dubi ƙanenta, bakinta ya buɗe kamar za ta faɗi wani abu mai taushi. Sai lasifika ta kira jirginta.

"Da ka faɗa tun farko da yanzu muna ciki," ta ce. "Taurin kai kamar na ubanka."

"Ubana ai ubanki ne. Kin ja lokaci da gangan, Allah ya isa!"

"Ni na ce ka tafi yawon neman manaja?"

Ta saɓa jaka ta nufi ƙofar bincike, ba ta waiwayo ba. Ya tambayi ma'aikaciyar jirgin gobe, ta duba ta ce na goben sai an watse daga taron zai isa.

Ya koma layi a tasi, ya sa direba ya tsaya daidai ƙofar shago don ya shige da sauri. Ina! Mai aski na zaune a waje. "A'a, Kyaftin! Har an dawo? Lallai jiragen yanzu akwai gudu."

Ranar taron Gwaggo ta bugo wa mai gyaran waya kiran bidiyo ta ce a kai wa wancan mutumin. Kyaftin ya so ya ƙi, amma ƙafarsa ta kai shi. A shagon da ya fi tsana a duniya ya zauna, aka jingina masa waya da kwalin batura, mai aski da tela da wasu suka cika bayansa. Ga zaure ƙato, ga ɗalibai cikin riguna iri ɗaya, ƙanana kamar tururuwa, Gwaggo na riƙe da wayar a karkace, babban yatsanta ya rufe kusan rabi.

"Yaya, cire yatsanki! Miƙe wayar!"

"Ka yi mini shiru, mutane na kallona."

Aka fara kiran sunaye. Kyaftin ya matso har hancinsa na taɓa gilashi. Da aka zo kan Uwata, mai kira ya faɗi sunanta, ya bi da sunan ubanta, a fili, duk zauren ya ɗauka. Nan take Gwaggo ta zabura ta miƙe tana tafi da ihu da wayar a hannu. Allo ya nuna silin, ya nuna fitilu, ya nuna takalman wani bawan Allah, ya koma silin.

"Yaya! Yaya, nuna mini ita! Juyo da wayar, don girman Allah!"

Kafin hoton ya daidaita an riga an kira wata. Kyaftin ya daɗe yana kallon 'yar wasu tana karɓar takarda. Can ya juyo, idonsa jawur, ya dubi mutanen da ke bayansa ɗaya bayan ɗaya.

"Kun dai ji da kunnenku. Sunan wa aka kira a ƙarshe, nawa ko nata?"

"Naka ne, Kyaftin," in ji mai aski. "Sunan dai ya samu jirgi."

Sai fuskar Gwaggo ta cika allon, gumi na zuba, ɗauri ya zame. "Ka gan ta? Ka ga 'yata?"

Kyaftin ya kife wayar a kan tebur, ya tashi ya fita.